Gonar Marayu Ba Za Ta Bi Ka Azare Ba

Yalwawa, Dutse.

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Ina roƙon Allah ya tsare ka a hanyar da za ka bi, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sauke ka Azare lafiya, ya haɗa ka da maƙwabta nagari. Amin.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taka. Dalili shi ne, duk lokacin da muka zauna magana kai kake cinyewa. Ka yi jami'a, bakinka ya fi nawa sauri, kafin in gama haɗa magana guda ka jero mini wasu, sai in tashi da haushi ban faɗi abin da ke raina ba. A takarda ba ka da damar katse ni. Rubutun ka san irinsa, na wadda ta kama alƙalami bayan furfura ta fara fito mata. Ka bi shi a hankali.

Ka roƙe ni takardar gonar Kiyawa, ta 'ya'yan marigayi Yaya Sale, wadda alƙali ya damƙa mini riƙonta har Hauwa da Bilki su mallaki hankalin kansu. Ka ce kai da abokinka Nazifi za ku buɗe ofis a Azare, kamfanin riƙon amana, ku riƙa riƙe wa marayu gado, ku kula wa matan da mazansu suka rasu da gidajen haya, ku tsare wa masu wakafi abin da suka bayar. Kuna so gonar nan ta zama ta farko a hannunku, don mutanen can su ga ko uwarka ma ta yarda da ku. Ba zan ba ka ba. Na faɗa tun daga sama don kada ka karanta sauran da sa rai.

Aikin kansa ban ƙi shi ba. Na ga dukiyar marayu da yawa ta narke a hannun kawunnai, kuma in har za a samu masu riƙe ta da tsoron Allah da tsari, ni ce ta farko da zan sa musu albarka. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne takardar da ka nuna mini kana murmushi. Na karanta ta, ko da yake na daɗe a kanta. Rajistar ƙungiyar gama-kai ce, ta Jihar Jigawa. Allon da kuka bayar a rubuta muku kuwa cewa yake Kamfanin Riƙon Amana. Azare kuma a Jihar Bauchi take. Da na tambaye ka, cewa ka yi, "Inna, za mu gyara daga baya. Izinin kamfani yana cin lokaci, yana cin jari. Mu dai fara tukuna." Wato ka sani. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, da a ce ba ka sani ba ne da sauƙi.

Shi kuma Nazifi ya gyara hularsa ya ce, "Hajiya, ai ƙasar duk ɗaya ce. Ba da fasfo ake shiga Azare ba." Ya yi dariya, kai ma ka taya shi. Ka gaya masa ban taɓa zuwa Makka ba, ya ajiye Hajiyarsa sai Allah ya kira ni. Na lura ba ya kirana haka sai ran da yake son wani abu.

Maganar da ya yi, ni ma na taɓa yin irinta, da bakina, kana goye a bayana.

Lokacin muna Kiyawa, kafin a mayar da babanku aiki Dutse. Da kaka mata sukan sami ɗan geronsu da dawarsu, na gayaunarsu ko na aikin da suka yi a gonar wani. In ya zauna a ɗaki ba ya kai bazara, yau a ɗebi na biki, gobe maigida ya ara ba ya mayarwa. Ni kuwa ina da ɗaki mai rufin kwano da babu kowa a ciki. Sai maƙwabciya ta kawo nata in ajiye mata har hatsi ya yi daraja, wata ta gani ta kawo, kafin a jima ɗakin ya cika. Babu mai karatu a cikinmu, don haka kowace mace sai ta yago ƙyalle daga tsohon zanenta ta ɗaure bakin buhunta da shi. Ko da duhu ne mace ta san zanenta. Da haka muka zauna lafiya, ba a taɓa musu ba.

Kuskurena na farko ni na jawo shi da wayona. Wata shekara ƙwari suka shiga, na ga buhunan suna lalacewa ɗaya bayan ɗaya, sai na kwance su duka na juye a rumbu guda, har da namu na gida, na zuba magani. Na ce ai gero gero ne, in an tashi a auna wa kowa nata. Da aka zo awo ya kasa. Ƙwari sun ci, amma na wa suka ci? Ƙyallayen suna nan a hannuna cikin ƙwarya, ba su ɗaure da komai. Kowace ta ce nata cikakke ta kawo, kuma babu wadda ta yi ƙarya. Ban ci ƙwaya ɗaya ta kowa ba, amma har aka bar garin akwai matar da in ta gan ni sai ta kau da kai. Saboda haka ka ji: abin da aka ba ka amana kada ya kwana wuri ɗaya da naka. Kuɗin hayar gidan marayu kada ya shiga asusun da kuke biyan hayar ofis da man babur, ko da na yini ɗaya ne, ko da Nazifi ya rantse gobe za a mayar. Na wannan maraya daban, na wancan daban. Ranar da ka haɗa su, gaskiyarka ba za ta ƙara yi maka amfani ba, don ba ka da abin da za ka nuna ta da shi.

Bayan wannan rigima ne wata ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ta ba mu shawara mu yi rajista, mu zama ƙungiya. Muka yi. Aka ba mu takarda mai jan hatimi, na kai aka sa mata gilashi na rataye. Ban san abin da ke cikinta ba, kuma ban ce a karanta mini ba. Na ɗauke ta kamar laya, duk inda ka shiga da ita tana aiki. Wanda ya buga hatimin ya karɓi godiyata, har ya ci goron da na kai masa, amma bai buɗe baki ya ce mini, baiwar Allah, takardar nan ga inda ta tsaya ba. Har yau in na tuna mutumin nan sai in ji zuciyata tana tafasa. Kalma nawa ce?

Ka san ƙanwata, Innarku Ladi, tana aure a wani ƙauye wajen Jama'are. Tsakaninsu da ƙauyukanmu babu kogi babu dutse, wani ɗan kwalbati ne a kan hanya, in ka tsallake shi wai ka shiga Bauchi. Mutanenmu suna noma a can, nasu suna cin kasuwa a nan, muna aurar musu suna aurar mana, in an yi rasuwa tare ake binnewa. Ban taɓa jin wani ya ce zai je wata jiha ba, sai dai ya ce zai leƙa gidan su wane. Da matan can suka ji labarin ajiyarmu suka aiko a buɗe musu irinta. Babanku ya ce, "Anya takardar taku ta kai can?" Na ce masa, "Malam, ƙasar ba ɗaya ba ce? Geron can da na nan akwai bambanci?" Ka ji, Baffa. Abin da Nazifi ya faɗa ke nan, sai dai ni ban sa hula ba.

Na buɗe sito a gidan mijin Ladi, Malam Idi, na ba shi mukulli. Na sa aka yi kwafin takardarmu na manna a bangon siton, matan suka zo suna shafa hatimin da yatsa, suka tafi suka kwaso hatsinsu. Ban rubuta komai tsakanina da Malam Idi ba, ban kira shaidu ba. Mijin ƙanwata ne, in ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa, ba ya haɗa ido da ni. Ta yaya zan ce masa ya dangwala hannu? Kunya ta hana ni. Wannan shi ne kuskurena na biyu. Kai ma na ga alamar kunyar nan a tare da kai. Tun kuna firamare kuke tare da Nazifi, kun ci a kwano ɗaya, don haka ka kasa tambayarsa sunan wa ke kan hayar ofis, wa ke sa hannu a banki, in kun ɓata wa zai riƙe takardun mutane. Ka tambaya yanzu da kuke dariya. In tambayar ta ɓata masa rai, to gara ya ɓata tun babu gonar kowa a tsakaninku.

Kafin ruwa ya sauka Malam Idi ya kira wani mai babbar mota ya kwashe siton kaf. Da farko ya ce danshi ne ya lalata hatsin ya zubar. Da aka samu waɗanda suka ga motar, sai ya ce ni na ba shi izini. Na ɗauki takardata mai gilashi na naɗe a zane, na hau mota har ofishin da ke kula da ƙungiyoyi a ɓangarensu. Na tarar da wani mutum yana shan shayi. Ya karɓa ya duba, ya juya bayanta kamar zai ga wani abu, ya miƙo mini.

Ya ce, "Baba, wannan ai ta Jigawa ce."

Na ce, "To, ba gwamnati ce ta buga ba?"

Ya ce, "Gwamnatinku ce ta buga. Mu a nan ba mu san da wannan ƙungiya ba. Wa ya ba ku izinin karɓar kayan mutane a jiharmu?"

Na ce ni ƙara na kawo, an cuce mu. Ya ce, "In ƙara ce, ki gode wa Allah ba taki aka kawo ba tukuna." Ya koma kan shayinsa.

Na juyo Dutse, ofishin da suka ba mu takardar. Su kuma suka ce abin da ya faru a wata jiha ya faru, hannunsu bai kai can ba, kuma ma ƙa'idar rajistarmu ba ta ce mu buɗe reshe a waje ba. Wani har ya ce, "Ai a rubuce yake." A rubuce yake, ga matar da suka gani da idonsu ta dangwala babban yatsa. Na fito na tsaya a rana da gilashi a hammata. Can sun ce ba su san ni ba, nan sun ce ba su san can ba.

Matan kuwa sun san ni sarai. Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Asabe, mai ƙuli-ƙuli, geron nan shi ne abincin jikokinta na damina. Ta tako har Kiyawa ta shimfiɗa ɗankwalinta a ƙofar ɗakina ta zauna. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin daɗi. Cewa ta yi, "'Yar nan, ni ban san Idi ba, ban san ƙungiya ba. Takardarki na gani a bango, aka ce ta gwamnati ce." Me zan ce mata? Gaskiya ta faɗa. Ni na manna, kuma takardar ba ta da ikon komai a bangon da na manna ta. Ban yi niyyar yaudara ba, amma da ita aka yaudare su.

A shekarar nan abin da babanku ya noma can ya tafi, awakina suka bi baya. Kai ba za ka tuna ba, amma yayyenka sun san daminar da muka yi muna cin ganyen tafasa da rama. Ladi ta tsaya tsakanin miji da 'yar'uwa, ta zaɓi inda 'ya'yanta suke, ban ga laifinta ba, amma mun yi shekaru ko gaisuwar Salla ba ta haɗa mu. Malam Idi kuwa yana nan da ransa, a sahun gaba yake salla, an ce har rabon faɗa ake kiransa. Babu ofishin da ya taɓa tambayarsa komai, domin a idon hukuma siton nan bai taɓa wanzuwa ba. Haushin wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, ina zaune da sa'o'in 'ya'yana suna dariyar yadda nake riƙe fensir. Ba don sha'awa na je ba.

To yanzu ka dubi naka. Ni gero na riƙe, kuma gero ana noma wani. Ku gonaki za ku riƙe, da gidaje, da gadon yaran da ba su san ma an mutu an bar musu ba. In gona ta fita ta fita.

Ban tsaya a kan abin da ya same ni kaɗai ba, kada ka ce Inna tana auna zamanin yau da na jiya. Makon da ya wuce na hau adaidaita na je sakatariya, na nemi ofishin ƙungiyoyi. Na samu wata mata mai haƙuri, ban faɗi sunanka ba, na ce wani yaro ne a unguwarmu. Ta ce takardar gama-kai ta 'yan ƙungiya ce su taimaki junansu a yankin da aka rubuta musu, ba ta karɓar dukiyar jama'a a riƙe ba ce, ko a nan Dutse, balle a wata jiha. Ta ce mai son ya riƙe amana a matsayin kamfani sai ya yi rajistar kamfani ta tarayya, ya kuma nemi izinin hukumar da ke sa ido a kan masu irin wannan aiki, sannan jihar da zai zauna ita ma tana da nata sharuɗɗan. Ta ce a nemi lauya. Sai ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Mama, yaron unguwar nan dai da alama a gidanki yake cin tuwo." Na ce mata yana ci, har da ƙari.

Ban ce na fahimci duka ba. Amma na fahimci abin da ake nufi da izinin, kuma ba don a wahalar da ku aka yi shi ba, ko da yake na san ofisoshinmu, za su wahalar da ku ɗin, za su ce ku dawo gobe har takalminku ya cinye. An yi shi ne don ranar da abu ya ɓaci, a samu ƙofar da marainiya za ta ƙwanƙwasa a buɗe mata. Ka taɓa tunanin in Allah ya ɗauki ranka, ina gonakin mutane za su koma? Ba fata nake maka ba, uwa ba ta yi. Amma Yaya Sale da ƙafarsa ya fita kasuwar Shuwarin, a kafaɗa aka dawo da shi. Mai riƙon amana yana mutuwa, amanar tana nan. In kamfanin na gaske ne, akwai wanda zai tambaya, akwai inda za a mayar. In allo ne kawai da takardar wata jiha, to Nazifi ne da mukulli, kamar yadda na bar Malam Idi da mukulli.

Ka nemi lauya da kanka, ba wanda Nazifi ya kawo ba, ba kuma abokin babansa ba. Kowace takarda aka miƙo maka, kafin ka dubi hatimin ka tambaya: wannan me ta ba ni damar yi, kuma a ina ta tsaya? In sun ce sai an jira, ka jira. Ka kama aikin da za ka ci abinci a Azare, ka koyi garin, ka san masu unguwanninsa da alƙalansa. Allon ku jingine shi a bayan ƙofa, ba ya ruɓewa.

Babanku ya ce na cika tsanani. Jiya yana alwala yake ce mini, "Ki bar yaro ya nemi arzikinsa mana. Kowa da haka ya fara." Na ce, "Malam, da haka na fara, kai ka biya." Ya ci gaba da wanke ƙafa. Shi mutum ne mai sanyi, ba ya son ya ga ranka a ɓace, ni ma ba na so. Kana tsammani daɗi nake ji in ga ɗana ya tashi da ƙwazonsa in tare masa hanya? Tun da ka faɗi maganar nan abinci ba ya yi mini daɗi. Ina ganinka a tsaye a gaban wani mai shan shayi yana juya takardarka, sai dai kai ba za a ce maka ka gode wa Allah ba. Kai ka yi karatu, babu wanda zai yarda ba ka sani ba. Abin da aka kira kuskure a kaina, a kanka zamba za a kira shi, kuma ana ɗaure mutum a kansa.

Gonar nan ma ba tawa ba ce da zan yi kyauta da ita don a ga na yarda da ɗana. Alƙali ya ba ni, a gaban shaidu, kuma ko da izininku ya fito sai na koma gabansa ya amince kafin ta motsa. Hauwa ta fara wayo, ran nan tana tsefe wa Bilki kai take tambayata ko gonar babansu tana nan. Na ce tana nan. Ina so duk ranar da ta sake tambaya in ba ta amsar nan ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Saura magana ɗaya, ita ce mai ɗaci, kuma na fi so ka ji ta daga gare ni tun kana gida. Na san za ku iya buɗewa ba da gonar nan ba. Za ku samu wata da mijinta ya rasu, ba ta karatu, ta ga hatimi a bango ta shafa da yatsa. In na ji kun kafa allon nan kafin izini ya fito, zan hau mota in zo Azare. Ba zan yi faɗa ba, ba zan shiga ofishinku ba. Zan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, duk matar da ta zo da takardar gida a hannu in gaishe ta, in ce mata ni na haifi mai ofishin nan, ina riƙe da gonar marayu, kuma ban ba shi ba. Ka san ni, ka san zan yi. Za ka ji kunya, za ka yi fushi da ni, wataƙila ka daɗe ba ka zo gida ba. Na auna wannan duka, na ga zan iya ɗauka. Zuwa gidan yari da kwanon tuwo ne ba zan iya ba.

Allah ya kai ka lafiya, Baffa. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka haƙurin jira, ya sa halal ta ishe ka. Allah ya raba ka da abokin da zai gaggauta ka, ya raba marayun mutane da kuskurenka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa kiran babanku ko ba ka kira ni ba. Ina roƙon Allah ya sa in zan taka Azare, in zo ne da goro da sabon zane, ranar da za a buɗe ofishinka da izini a hannu, in zauna a ciki a kan kujera.

Wassalam.

Mahaifiyarka.